Gefe Nawa Ne da Da'ira?

Jama'a, ɗakin soro yana da bango 4. To, bakin rijiya fa, gefensa nawa?

Ku jera kara 6 a kewaye. Za ku ga kusurwoyi ƙarara. Ku jera gajeru 60. Kusurwoyin sun kusa ɓacewa. Kome yawan karan, ana iya ƙarawa. Shi ya sa ake kwatanta da'ira da siffa mai gefe marar iyaka.

Fiye da shekara 2,200 da suka wuce, Arkimidis, masanin Girka, ya yi lissafi da siffa mai gefe 96. Ya gano kewayen da'ira ya ɗara faɗinta sau 3 da kaɗan.

Saboda haka rijiya mai faɗin ƙafa 7, kewayenta wajen ƙafa 22 ne. Ku auna kafin ku sayi bulo, kada ku yi asara.