Cajin banki: Kafin ka goyi bayan Baba ya sauya banki, ɗauko biro da takarda

A gidaje da yawa, da zarar wayar Baba ko ta Mama ta yi ƙara, ɗan sakandare ake miƙa wa. "Zo ka duba min alat ɗin nan." Ka duba, sai ka ga ba kuɗi ne suka shigo ba, wasu 'yan canji ne suka fita: Naira 53 da kwabo 75 yau, Naira 107 da kwabo 50 jibi, ƙarshen wata kuma a zaftare wani abu mai dogon suna da Turanci. Daga nan sai ka ji an ce, "Bankin nan sun ishe ni, gobe zan koma wani."

Shin komawa wani bankin zai tsayar da zaftarewar? Wani ɓangare zai tsaya, wani kuma zai bi mutum duk inda ya je. Wanda ya iya bambance su shi ne zai ceto kuɗin gidansu. Wanda bai iya ba, yana iya yin gudun gara ya faɗa gidan zago.

Abin da ya ƙara tunzura jama'a

Ƙorafi kan cajin banki ba sabo ba ne, amma wasu sauye-sauye da suka zo a jere sun ƙara masa zafi. Daga 1 ga Maris, 2025, Babban Bankin Najeriya, CBN, ya sauya tsarin cire kuɗi a na'urar ATM. A da, mutum yana da damar cire kuɗi sau uku kyauta a wata a na'urar bankin da ba nasa ba. An soke wannan. Yanzu idan ka cira a na'urar wani banki da ke harabar reshensa, za ka biya Naira 100 a kan kowace N20,000. Idan na'urar tana wani wuri ne kamar babban kanti ko filin jirgi, ana iya ƙara maka har Naira 500 a kan waccan 100 ɗin. Cirewa a na'urar bankinka kuwa kyauta ce.

A cikin shekarar ce kuma bankuna da dama suka ɗaga kuɗin saƙon alat daga Naira 4 zuwa Naira 6, bayan kamfanonin waya sun ƙara farashi. Kafin nan, a Disamban 2024, harajin Naira 50 da ake cira a kan turin kuɗin da ya kai N10,000 ya iso har manhajojin waya irin su OPay, PalmPay da Moniepoint, waɗanda mutane da yawa suka koma wa domin gudun caji.

Karant da sebins ba ɗaya ba ne

Kafin a yi zancen sauya banki, a fara tambaya: wane irin asusu ne? Asusun ajiya, wanda ake kira sebins, an yi shi ne domin tara kuɗi. Asusun karant kuwa na shige da fice ne. Shi 'yan kasuwa da kamfanoni suka fi riƙewa, ana ba da littafin cek a kansa, kuma yawanci sai mutum ya kawo mutane biyu da za su tsaya masa kafin a buɗe.

Babban bambancinsu wajen caji shi ne kuɗin kula da asusu. Jadawalin caji da CBN ya fitar, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2020, ya yarje wa banki ya ciri abin da bai wuce Naira 1 ba a kan kowace N1,000 da mai asusun karant ya fitar zuwa ga wani. Ba a cire wannan a asusun sebins. Ku lura da abu biyu: Naira 1 ita ce iyaka ta sama, kuma jadawalin ya ce ana iya sasantawa a kai. Ma'ana, mai asusu yana da 'yancin zama da bankinsa ya nemi ragi.

Shi ma sebins yana da nasa. Jadawalin ya yarda a ciri Naira 50 duk bayan wata uku a matsayin kuɗin kula da katin ATM, abin da ba a cira a karant.

Mu yi lissafi

A ce mahaifiyarka tana sayar da atamfa, tana da asusun karant. A kowane wata tana tura wa dillalinta N100,000 sau takwas zuwa wani banki, jimilla N800,000. Tana cire N20,000 sau huɗu a na'urar bankin da ke kusa da kasuwa, wanda ba nata ba ne. Saƙon alat kuma sittin ke shigo mata.

Kuɗin kula da asusu: Naira 1 a kan kowace dubu, wato Naira 800. Ƙara harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, ya zama Naira 860.

Kuɗin tiransifa: jadawalin ya sa Naira 10 ga abin da bai wuce N5,000 ba, Naira 25 daga nan zuwa N50,000, sai Naira 50 ga abin da ya haura. Nata duk na Naira 50 ne, da VAT ya koma N53.75. Sau takwas, Naira 430.

Kuɗin ATM: Naira 100 da VAT, N107.50. Sau huɗu, Naira 430.

Alat: sittin sau Naira 6, Naira 360.

Idan ka haɗa, N2,080 ke nan a wata, N24,960 a shekara. A 2025 kuɗin rajistar jarrabawar JAMB ba tare da ta gwaji ba N7,200 ne. Ke nan abin da ya zube a hankali ya isa a yi wa ɗalibai uku rajista, har da canji. Da yayyafi kogi kan cika.

Wanda zai bi ka da wanda ba zai bi ka ba

Yanzu sai a raba cajin gida uku.

Na farko na gwamnati ne: harajin Naira 50 a kan turin N10,000 zuwa sama, da VAT da ke hawa kan duk cajin da banki ya yi. Banki karɓa kawai yake yi ya miƙa. Ko ka sauya banki goma, Naira 50 ɗin nan tana nan. Shi ya sa ba mu sa ta cikin lissafin ba. Haka N6.98 da ake biya idan an yi hulɗa da banki ta hanyar danna lambobi a ƙaramar waya: wannan kuɗin layin waya ne.

Na biyu na bankin ne, kuma a nan gasa take. Wasu bankuna suna da asusun karant da ba a cire kuɗin kula da shi, sai dai galibi da sharaɗin kada kuɗin ciki su yi ƙasa da wani adadi. Wasu bankunan waya kuma suna ba da tiransifa kyauta, ko dai wasu adadi a rana ko a wata. A nan sauya banki yana da amfani na gaske.

Na uku kuwa na ɗabi'a ne. Naira 430 ta ATM ba laifin bankin Mama ba ne, nisa ne. Idan ta buɗe asusu a bankin da na'urarsa ke bakin kasuwa, wannan kuɗin ya tsaya. Idan dillalinta da ita banki ɗaya suke, turi tsakaninsu yawanci kyauta ne, wata Naira 430 ɗin ita ma ta tsaya. Wannan ya nuna cewa banki mafi arha ga maƙwabcinku ba lallai ne ya zama mafi arha a gare ku ba. Ya danganta da inda kuke cire kuɗi da kuma waɗanda kuke tura wa.

Alat ɗin waya fa? Ana iya neman a dakatar da shi a koma na imel ko na manhaja, bayan an sa hannu a takardar ɗaukar alhaki. Amma a yi tunani sosai. Saƙon nan shi ne mai gadin asusu. Idan Mama ba ta duba imel, gara ta biya Naira 6 da a kwashe mata dubbai ba ta sani ba.

Abin dubawa a sabon gida

Arha ba ita kaɗai ce abin nema ba. Ranar 3 ga Yuni, 2024, CBN ya soke lasisin bankin Heritage. Abin da ya fara ceton masu ajiya shi ne inshorar hukumar NDIC, wadda ke tsaya wa kuɗin jama'a idan banki ya durƙushe. Tun 2024, inshorar tana ɗaukar har Naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a manyan bankuna, da Naira miliyan 2 a ƙananan bankuna na maikurofainas. Wasu daga cikin manhajojin da kuka sani, irin su Kuda da Moniepoint, da lasisin ƙaramin banki suke aiki. Don haka a tambaya: wane lasisi gare su, kuma NDIC ta tsaya musu? Duk manhajar da ba ta da lasisin CBN, ko kyauta take raba kuɗi, a guje ta.

A tambaya kuma: idan tiransifa ta maƙale, ina za a je? Akwai reshe ko ofishi a garinku, ko sai dai a yi ta kiran lambar da ba a ɗauka? Ɗan kasuwar da kuɗinsa suka maƙale ranar kasuwa ya yi asarar da ta fi cajin wata guda.

Masu son bankin da ba ya hulɗa da kuɗin ruwa suna da zaɓi, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJBank a 2019, da Lotus a 2021. Sai dai a sani, rashin kuɗin ruwa ba ya nufin rashin cajin aiki. Su ma suna da nasu jadawalin, a nema a karanta.

Yadda ake tashi ba tare da ɓarna ba

A Birtaniya, tun Satumban 2013 akwai tsarin da ke kammala wa mutum sauya asusu cikin kwanakin aiki bakwai, sabon bankin ne ke ɗaukar ɗawainiyar kwaso komai. A nan gida, lambar waya tana iya bin ka daga wani kamfani zuwa wani, amma lambar asusu mai lamba goma ba ta bin ka. Sabon banki, sabuwar lamba, kuma kai ne za ka sanar da kowa.

Saboda haka a bi a hankali. A fara karɓar bayanin asusu na wata uku, a zauna a ja layi ƙarƙashin kowane caji. A je tsohon bankin a nemi ragi, ko a tambaya ko za a iya sauya nau'in asusun. Sau da yawa maganar tana ƙarewa a nan. Idan ba a daidaita ba, a buɗe sabon asusu amma kada a rufe tsohon nan take. A gwada sabon na wata ɗaya da kuɗi kaɗan. A sanar da wurin aiki, da abokan ciniki, da 'yan uwa masu aiko da kuɗi. A sa cikin lissafi cewa sabon kati yana da kuɗinsa, ga kuɗin mota, ga yinin da aka rufe shago.

Idan komai ya daidaita, a rufe tsohon asusun a rubuce, ko a ci gaba da motsa shi. Asusun da ya shekara ba a taɓa shi ba ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya yi barci, kuma tayar da shi sai an koma banki da takardu. Mai neman rance nan gaba ya tuna cewa tarihin hulɗarsa a tsohon banki yana da daraja. Wanda ake bi bashi kuwa kada ya ɗauka ya tsira: lambar BVN ɗaya ce a duk bankuna, kuma tun Agustan 2020 akwai tsarin da ke ba banki damar karɓo bashinsa daga asusun mutum na wani bankin.

Idan an ga cajin da ya wuce ƙa'ida, a rubuta wa bankin ƙorafi a ajiye shaida. Idan bankin bai warware ba, ana iya kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da banki na CBN.

Ku fa, ɗalibai?

Yawancinku ba ku kai 18 ba, asusunku a hannun iyaye yake. Amma nan da shekara ɗaya ko biyu za ku buɗe naku domin kuɗin makaranta da na kashewa. Ɗalibi ba ya buƙatar karant. Sebins ko asusun ɗalibai ya wadatar. Ku tambayi wane banki ne ke da na'ura a makarantar da za ku, domin shi ne zai hana ku biyan Naira 100 duk mako.

Ku kuma kiyayi masu kira su ce daga banki suke, za su cire muku caji ko su maido da wanda aka cira, in dai kun karanto lambar da aka turo. Babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai nemi lambar sirrin katinka ko lambar da aka turo wa wayarka. Tunda ku ake miƙa wa wayar, ku ne za ku fara cewa a'a.

Ga aikin gida na wannan mako, ba malami ne zai duba ba. Ka nemi izinin Baba ko Mama, ka buɗe saƙonnin banki na watan jiya, ka ja layi uku a takarda: na gwamnati, na banki, na ɗabi'a. Ka haɗa kowane layi, ka ninka sau 12. Idan layi na biyu ne ya fi tsawo, Baba yana da hujjar zuwa ya ga manaja, ko ya nemi wani bankin. Idan na uku ne, to gyaran daga gida zai fara.