Kalmomin Bayyana Ra'ayi a Ingilishi da Matsalarsu ga Bahaushen da ya Taso da Faransanci

Gabatarwa

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan fassara tsakanin Hausa da Ingilishi ta zama buƙata ta yau da kullum, bayan wadda take akwai tun da daɗewa tsakanin ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram da abokan hulɗarsu na Katsina da Kano. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce duba kalmomin da Ingilishi yake bayyana ra'ayi da su. Dalilin zaɓensu kuwa shi ne kuskure a cikinsu ba ya tsayawa ga nahawu kaɗai: yakan mai da zato ya zama tabbaci, ko ya sa mai ladabi ya fito kamar mai taurin kai.

1. Asalin kalmomin

Kalmomin sun kasu gida biyu. Kashi na farko gado ne daga tsohon Ingilishi, kamar "think", "believe", "feel" da "reckon". Gajeru ne, kuma su ne suka fi yawa a bakin jama'a. Kashi na biyu aro ne daga Faransanci da Latin, wanda ya kwararo bayan da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kamar "opinion", "view", "suppose" da "consider". Kalmomin wannan kashi su ne ɗalibinmu yake saurin ganewa, don haka yakan cika magana da su, har zancensa na hira ya yi kama da takardar ofis.

Abin lura a nan shi ne harsunan uku duk sun jingina ra'ayi da gani. "View" ta fito daga kalmar Faransanci mai nufin gani, "point of view" kuwa kwaikwayon "point de vue" ne. Kalmarmu ta "ra'ayi" aro ce daga Larabci, tushenta kuma aikatau ne mai ma'anar gani. Bahaushe da kansa yana cewa "a ganina". Saboda haka "in my view" da "a ganina" sun dace da juna ba tare da ragi ba, kuma daga nan ya kamata malami ya fara.

2. Matakan ƙarfi

A 1952 masanin falsafa J. O. Urmson ya nuna cewa aikatau irin su "suppose" da "believe", idan mai magana ya yi amfani da su game da kansa, suna iya zuwa a farkon jumla, ko tsakiyarta, ko ƙarshenta, domin aikinsu shi ne sanar da mai sauraro nauyin da zai ba maganar. A 1958 Emile Benveniste ya yi bayani makamancin wannan game da "je crois" na Faransanci, inda ya nuna sassauta magana take yi. Bisa wannan za mu iya jera kalmomin daga mai ƙarfi zuwa mai rauni:

a. "I am sure", "I am convinced": na tabbata, na haƙiƙance.
b. "I think", "I believe", "in my opinion": ina gani, a ra'ayina.
c. "It seems to me": da alama, kamar dai.
d. "I suppose", "I guess": ina jin, ina tsammani, wataƙila.

Tarko mafi girma yana cikin "believe". Da yake ɗalibi ya fara haɗuwa da ita a sha'anin addini, yakan fassara ta da "na yi imani" ko'ina ya same ta. Amma wanda ya ce "I believe he has paid" bai tabbata an biya ba. Da ya tabbata, da sai ya ce "he has paid" kawai. Fassarar da ta dace ita ce "ina jin ya biya". Tafintan da ya ce "na yi imani ya biya" a gaban alƙali ya ɗora wa mai shaida nauyin da bai ɗauka ba.

3. Kurakuran da Faransanci yake jawowa

Ɗalibin Nijar yana fara Ingilishi a ajin farko na kwaleji, bayan ya shekara shida yana karatu da Faransanci, don haka ta wannan gada yake tsallakawa. Ga huɗu daga cikin kurakuran:

Na ɗaya, "according to me", wanda aka gina bisa "selon moi". A Ingilishi "according to" na jingina magana ne ga wani, kamar yadda muke cewa "in ji wane". Mutum ba ya jingina wa kansa ta wannan hanya. Sai ya ce "in my opinion".

Na biyu, "I am agree", bisa "je suis d'accord". "Agree" aikatau ce, don haka daidai shi ne "I agree". A nan Hausa ta fi kusa, domin "na yarda" ita ma aikatau ce kai tsaye.

Na uku, "advice" da "avis". Tushensu ɗaya ne, amma sun rabu: "avis" ra'ayi ne, "advice" kuwa shawara ce. Wanda ya nemi ra'ayin babba da kalmar "advice" ya nemi a gaya masa abin da zai yi.

Na huɗu, "actually" da "actuellement". Ta Faransanci tana nufin "a halin yanzu", ta Ingilishi kuwa tana nufin "a gaskiya", kuma sau da yawa gyara ne ga maganar da ta gabata. Mai amfani da ita a ma'anar lokaci yakan yi wa abokin zancensa musu bai sani ba.

4. Kuskuren da Hausa take jawowa

Hausa tana bayyana ra'ayi da sigar aiki mai ci gaba: ina gani, ina tsammani, ina ji. Ɗalibi sai ya kwafo wannan siga ya ce "I am thinking it is good". Ingilishi ya raba biyun: "I think" ra'ayi ne, "I am thinking" kuwa aikin tunani ne da ake cikin yi, wato "ina tunani a kai". Haka nan wajen korewa, Ingilishi ya fi son ɗaga ta zuwa aikatau na farko, "I don't think he will come", alhali Hausa tana karɓar "ba na tsammanin zai zo" da "ina jin ba zai zo ba" duka biyun.

5. Saɓani cikin ladabi

Mutanen Ingila musamman sukan lulluɓe saɓani. "With respect" da "I am afraid" ba girmamawa ko tsoro suke nufi a zahiri ba. Share fage ne na ƙin yarda. "I see your point, but" tana amincewa da hujja kafin ta ture ta. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu: wanda ya ce "Allah ya gafarta malam, haka ne, sai dai kuma" ya riga ya sanar da cewa bai yarda ba. Mai fassara ya nemi abin da kalmar take aikatawa, sa'an nan ya nemo takwararta a Hausa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa a wurare da dama Hausa ta fi Faransanci kusa da Ingilishi a wannan fage. Shawararmu ga masu tsara littattafan makaranta da ƙamus ita ce a jera waɗannan kalmomi bisa matakan ƙarfinsu, kowace da takwararta ta Hausa a cikin cikakkiyar jumla, ba tare da an bi ta Faransanci ba. Aikin da ya rage shi ne tattara yadda ake bayyana ra'ayi a karin harshen Adar, Gobir da Damagaram, domin jerin da muka bayar a sashe na 2 ya dogara ne ga daidaitacciyar Hausa kaɗai.