Daga Jarkar Kpayo Zuwa Gidan Tarihin Landan: Wa Ke Yanka Wa Fasaha Farashi?

A bakin titunan Parakou da Djougou akwai abin da ido ya saba da shi har ya daina ganinsa: teburin katako, manyan kwalabe jere cike da fetur mai launin shayi, mazurari da tsumma a bakinsa, a ƙarƙashin teburin kuma baƙaƙen jarkoki da aka ɗauro a bayan babur daga iyakar Najeriya. Wannan shi ne kpayo, man da 'yan zemijan, wato masu haya da babur, suka daɗe suna rayuwa a kansa. Jarkar ba ta da wata daraja. Akan gasa ta a wuta ta kumbura don ta ƙara ɗaukar mai, idan ta fashe a yar da ita. Amma irin wannan jarka ce Romuald Hazoumè, haifaffen Porto-Novo a 1962, yake yanke samanta ya juya ta, mariƙinta ya zama hanci, bakinta ya zama baki, sai ga fuskar mutum tana kallonka. Ya haɗa guda 304 ya shimfiɗa su a ƙasa kamar yadda ake jera bayi a cikin jirgin ruwa, ya sa wa aikin suna La Bouche du Roi, sunan wurin da kogin Mono ke faɗawa teku. A 2007, shekara 200 bayan Birtaniya ta haramta cinikin bayi, gidan tarihin British Museum na Landan ya mallaki aikin. Tsakanin jarkar da ke juji a Parakou da wadda ke hannun masu gadi a Landan babu bambancin roba. Abin da ya raba su shi ne abin da ya kamata a bincika, domin a kansa Jamhuriyar Benin take gina wata babbar manufa ta ƙasa.

Gardamar abin da ke ba fasaha daraja tsohuwa ce, kuma mutanen Birtaniya sun riga kowa cin moriyarta. Tun da aka kafa kyautar Turner a 1984 jaridun Landan suke samun abin surutu kowace shekara. Damien Hirst ya sa mataccen kifin shak cikin akwatin gilashi mai ruwan magani a 1991. Tracey Emin ta kawo gadonta yadda ta tashi daga kansa, da dattinsa da kwalabensa, aka sa shi cikin jerin masu neman kyautar a 1999, kuma a 2014 aka sayar da shi a gwanjo a kan kimanin fam miliyan 2.5. Martin Creed ya ci kyautar a 2001 da ɗaki fanko wanda fitilarsa ke kunnuwa tana mutuwa. Masu suka suka ce wasa da hankali ne, masu yabo suka ce ra'ayin da ke bayan abin shi ne aikin. Abin da ya fito fili bayan ƙurar ta lafa shi ne cewa hayaniyar kanta tana cikin abin da ke ɗaga farashi. Mai tara kayan fasaha ya saya, gidan tarihi ya rataya, ɗan jarida ya zaga, mai gwanjo ya buga guduma, kowanne ya ƙara wa abin kuɗi. Hujjar da wannan nazari yake kafawa ke nan: darajar fasahar zamani tana fitowa ne daga labarin da aka ɗora wa abu da kuma hatimin gidan da ya karɓe shi, kuma duk garin da ba shi da gidan da ke buga irin wannan hatimi, kayansa kayan kasuwa ne ko da hannun masu yin su ya fi na kowa.

Benin ta fahimci wannan da wuri, kuma dalilan bunƙasar harkar a can a bayyane suke. Da farko 'yan ƙasar sun yi suna a waje tun kafin gwamnati ta waiwaye su. Georges Adéagbo ya samu yabo a babban baje kolin Venice a 1999, Hazoumè ya karɓi kyautar Arnold Bode a Jamus a 2007, kuma a 2013 gidan Tate Modern na Landan ya baje aikin Meschac Gaba mai ɗakuna 12, wanda ya kira gidan tarihin fasahar Afirka ta zamani, wato gidan da ya ƙirƙira saboda babu irinsa. Gidauniyar Zinsou ta buɗe a Kwatano a 2005, ta ƙara da gidan tarihi a Ouidah a 2013. Sai siyasa ta shigo. Gwamnatin Patrice Talon da ta hau mulki a 2016 ta ɗauki yawon buɗe ido da al'adu a matsayin hanyar samun kuɗin shiga bayan auduga da tashar jiragen ruwa, ta nemi Faransa ta dawo da kayan da sojojin Kanar Dodds suka kwashe daga fadar Abomey a 1892. A watan Nuwamba na 2021 guda 26 suka sauka a Kwatano. Dabarar da aka yi bayan nan ita ce ta fi jan hankali: a baje kolin da aka buɗe a fadar shugaban ƙasa a Fabrairun 2022 an haɗa karagun sarakunan da ayyukan masu fasaha 34 na yau, shiga kyauta, mutane kimanin 200,000 suka yi layi. Tsofaffin kayan suka ara wa sababbin kwarjini. Daga nan sashen zamani ya tafi Rabat, ya tafi Martinique, ya tafi Paris, kuma a 2024 Benin ta buɗe rumfarta ta farko a Venice.

Mai kallo daga Borgu ko Donga zai lura da wani abu a wannan jeri. Manyan gidajen tarihin da gwamnati ta tsara guda huɗu ne: na sarakunan Dahome da mayaƙansu mata a Abomey, na tunawa da bauta a Ouidah, na addinin vodun a Porto-Novo, na fasahar zamani a Kwatano. Dukkansu a kudu suke, fiye da kilomita 400 daga Parakou in ban da Abomey da ta ɗan matso. Arewa ba a bar ta hannu rabbana ba, dole a faɗi gaskiya. An yi wa garin Nikki aikin sabuwar fada da filin bikin Gani, kuma Bio Guéra, jarumin Borgu da ya yaƙi Faransawa har aka kashe shi a 1916, ya samu mutum-mutumi a kan dokinsa a 2022. To amma mutum-mutumin a Kwatano aka kafa shi, kuma abin da ake nema daga arewa dawaki ne da kakaki da rawani, wato biki da tarihi. Sabon aikin hannu mai sunan mai shi da farashinsa, wannan an bar wa bakin teku. Sakamakon shi ne rabon aiki da ba a rubuta a ko'ina ba: masassaƙin Kwatano mai fasaha ne, ana buga sunansa a littafi, maƙerin azurfa na Djougou da masaƙinta da badukunta kuwa 'yan sana'a ne, ana taya kayansu a yi ragi.

Wannan abin takaici ne idan aka tuna abin da Djougou take. Ita ce Zugu ta fatake, zango a kan hanyar goro daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, inda ayarin jakuna ke sauka da kanwa da jan fata da rinannun riguna kafin su nufi Salaga. Unguwar baƙi ta 'yan kasuwa Dandawa da Hausawa ta girma a kan sanin darajar kaya. Dillalin da zai ɗaga babbar riga ya dubi aska takwas da ke ƙirjinta, ya shafa zaren da yatsa, ya gane ɗinkin wane gari ne, ya faɗi kuɗinta, yana yin aikin da masanin gidan gwanjo na Landan yake yi. Akwai ma'auni, akwai masu ido, akwai gardama a kan wanda ya fi wani. Abin da ya ɓace shi ne rubuta sunan maɗinkin da ajiye rigar bayan ta tsufa. Turawa sun ajiye, shi ya sa rigunan Hausa da Nufawa na ƙarni na 19 suke cikin gilashi a Turai, galibi ba tare da sunan wanda ya zauna wata da watanni yana ɗinka su ba.

Akwai masu cewa duk wannan hidimar masu ƙoshi ce. Arewacin Benin na fama da 'yan bindiga tun bayan sace Faransawa biyu a gandun dajin Pendjari a 2019 da hare-haren da suka tsananta daga ƙarshen 2021, matasa ba aiki, don haka zancen gidan zane-zane a Parakou zancen banza ne. Hujjar tana da nauyi, kuma baƙi masu kuɗi ba za su yi tururuwa zuwa yankin da ofisoshin jakadancinsu suka gargaɗe su a kansa ba. Amma ta manta cewa an riga an yanke shawarar kashe kuɗin. Harajin manomin audugar Banikoara da na direban tirelar Parakou yana cikin abin da ake gina gidajen kudu da shi. Tambayar da ta rage ita ce rabo, kuma garin da ke da jami'a tun 2001 da gidan tarihi na fili da aka daɗe da kafawa bai rasa inda za a ɗora tubali ba.

Suka ta biyu ta fi zurfi, kuma a Djougou, garin masallatai da makarantun allo, ita za a fara ji. Yawancin abin da Benin take tallatawa ya jingina ne da vodun da gumaka da fuskokin dodanni, malamai kuwa suna da maganarsu a kan sassaƙa surar mai rai. Musulmin arewa na iya cewa wannan kasuwa ba tasa ba ce. Sai dai fasahar zamani ta daɗe da barin dole sai an yi sura. A bazarar 2013 ɗin da Tate Modern ta baje aikin Gaba, ta kuma baje na Ibrahim El-Salahi, ɗan Sudan, ɗan malamin Alƙur'ani, wanda ya gina zanensa a kan lanƙwasar harafin Larabci da ya koya a kan allo. Zayyanar da alaramma ke yi wa allon sauka da ja da rawaya da baƙi, dagi a jikin bango, shafen soro, tsarin ɗinkin hula, duk suna cikin abin da wannan kasuwa take girmamawa idan an kawo shi da suna da bayani. Mai fasaha Yinka Shonibare ya yi wa samfurin jirgin ruwan Nelson filafilai da atamfa, aka ɗora shi a dandalin Trafalgar na Landan a 2010, alhali atamfar nan ce matan kasuwar Arzeke ta Parakou suke yankewa yadi shida-shida.

Suka ta uku ce ya kamata a yarda da rabinta. Ana cewa mai fasahar Afirka da ke neman idon Landan da Venice yakan ƙare yana yin abin da suke son gani: bauta, shara, talauci, sihiri. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma akwai ayyuka da yawa da an yi su ne don mai saye na waje, babu ɗan gida da zai tsaya a gabansu. Amma aikin Hazoumè bai faɗa wannan rami ba, saboda jarkarsa tana magana da ɗan Benin fiye da Bature. Bature yana ganin fuskar dodo irin wadda kakanninsa suka tara, yana murmushin an yi masa ba'a. Ɗan zemijan yana ganin nauyin da ke karya ƙashin baya, da gobarar da kan tashi a hanya, da ɗan'uwan da ya tafi ɗauko mai bai dawo ba. A gefen jarkokin akwai hoton bidiyo na masu babur ɗin suna tafe cikin kaya har ba a ganin jikinsu. Wanda ya fi kowa iya karanta wannan aiki shi ne wanda ya fi kowa nisa da shi.

Kuma cinikin da ya haifi aikin ba shi da tabbas. Da Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin kpayo ya yi tashin gwauron zabo a Benin cikin 'yan kwanaki, ribar da ke tsakanin gidan man Najeriya da teburin bakin titi ta tsuke, wasu masu kwalabe suka kife teburinsu. Idan wata rana sana'ar ta mutu, cikakkiyar shaidar yadda aka yi ta, da jarkokinta da warinta da fuskokin masu yin ta, tana cikin rumbun British Museum, kuma jikan mai sayar da kpayo a Parakou zai buƙaci fasfo da biza kafin ya gan ta.