Batirin tocila: ko ya mutu bai daina cizo ba

Idan aka idar da sallar isha'i a garin Kebbe, ko a ƙauyukan da ke tsakaninsa da Tambuwal, abin da za ka fara gani shi ne ɗigo-ɗigon farin haske a zauruka da ƙofar gidaje. Mai shayi na da tasa, mai tsire na da tasa, ɗalibin da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO kuwa ya ɗora tasa a kan littafi. Da damina ba mai taka waje babu ita, saboda kunama da maciji. 'Yar ƙaramar tocila ta kori aci-balbal da fitilar ƙwai daga ɗakuna da yawa, ta kuma raba mu da hayaƙin kananzir.

Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba: idan hasken ya dushe aka ciro batirin, ina yake zuwa? A yawancin gidaje amsar ita ce tsakar gida, ko juji, ko hannun ƙaninka. Daga nan ne matsalar take farawa.

Me ya sa batiri uku?

Ƙwan da ke cikin tocilar zamani, wanda ake kira LED, ba ya ƙona waya kafin ya ba da haske kamar tsohon ƙwai, shi ya sa ba ya shan batiri sosai. Wasu masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, su suka samar da shuɗin LED wanda daga gare shi ake samun farin, aka kuma ba su kyautar Nobel a 2014. Farin LED na bukatar kimanin bolt 3 kafin ya kama, alhali batirin da muke saya a tireda bolt 1.5 yake bayarwa. Shi ya sa ƙananan tocila da yawa ke cin batiri uku a jere.

Tunda a jere suke aiki, laifin ɗaya yana shafar duka. In ka haɗa sabo biyu da tsoho ɗaya don tattali, sababbin za su riƙa tura wuta ta cikin tsohon har ya fara yoyo. Haka in ka juya ɗaya baibai. Farin garin nan da kake gani a bakin ƙarfen tocila sinadarin cikin batiri ne da ya zubo ya bushe. Yana cin ƙarfe, yana kuma cin fata. Kada ka lasa, kada ka hura shi da baki. In ya taɓa hannu a wanke da ruwa da sabulu, in ya shiga ido a yi ta zuba ruwa mai tsabta na minti 15, sannan a tafi asibiti.

Akwai kuma dabarun da muka gada: shanya batiri a rana, dandaƙa shi da dutse, ko cizonsa da haƙori wai don ya farfaɗo. Zai iya ƙara haske na ɗan lokaci, amma kwanon tutiyar da ya rufe shi ya riga ya yi laushi, kuma fashewarsa a baki ta fi kuɗin sabon batiri tsada. Haka fasa shi don a sami baƙin garin shafa wa allon aji: garin ba gawayi ba ne zalla, akwai sinadarin manganis a ciki, bai kamata a shaƙa ko a ci abinci da hannun da ya taɓa shi ba.

Mai caji ma da nata

Tocila mai caji iri biyu ce. Wadda ka ji ta da ɗan nauyi, sau da yawa ƙaramin batirin dalma ne a cikinta, ɗan'uwan na mota da babur. Marar nauyin kuwa litiyam ne, irin na wayar hannu.

Babban abokin gabar litiyam shi ne zafi, kuma kowa ya san yadda ƙasar Sakkwato take a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan wuce maki 40. Kada a bar tocila a kan kwanon rufi ko a rana tsaka, kada a sa ta caji a kan katifa ko ƙarƙashin matashi a kwanta barci. In ka kai ta wurin mai caji, ka karɓo da zarar ta cika. Batirin da ya kumbura, ko yake zafi fiye da kima, ko yake wari, ya gama aiki. Kada a huda shi, kada a jefa shi a murhu ko a jujin da ake ƙonawa, domin yana iya fashewa ya watsa wuta.

Ita kuwa dalma guba ce da ba ta nuna kanta nan take. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na maƙwabciyarmu Zamfara. Can daga duwatsun zinariya ta fito. Amma a unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar a Senegal, yara 18 ne suka rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda dalmar tsofaffin batiran mota da ake fasawa a unguwar. Dalmar tocila ba ta kai ta mota yawa ba, amma guba ɗaya ce, kuma ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ta rage masa fahimtar karatu. Don haka matacciyar tocila ba abin wasan yara ba ce.

Ƙaramin da ya fi duka haɗari

Duba 'yar tocilar da ke maƙale da makullin babur, ko agogon hannu, ko abin wasan ƙanwarka mai walƙiya. A cikinsu akwai batiri mai kama da maɓallin riga ko kwabo, yana ƙyalli kamar alewa. Yaro mai rarrafe in ya tsince shi, baki zai kai.

Idan ya maƙale a hanyar abinci, yawu na haɗa ɓangarorinsa biyu, wuta ta fara gudana, ta haifar da sinadari mai ƙuna irin sodar da ake haɗa sabulu da ita. Cikin awa biyu zai iya yi wa maƙoshi mummunan rauni. Ko batirin da ya kasa kunna tocila yana da sauran ƙarfin yin wannan ɓarna. A Amurka sai da aka kafa doka a 2022, wadda ake kira Dokar Reese, da sunan wata yarinya 'yar wata 18 da ta rasu bayan ta haɗiye irinsa, domin tilasta wa kamfanoni rufe gidan batirin yadda yaro ba zai iya buɗewa ba.

Yanzu ka auna awa biyun nan da hanyarmu. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake, tafiyar kimanin kilomita 100 ce, daga Kebbe kuma ta fi haka, balle da dare sai an nemi mota. Saboda haka in ana zargin yaro ya haɗiye batiri, ko an ga yana dalalar da yawu, yana ƙin abinci, yana tari ko amai ba dalili, kada a jira gari ya waye. A tafi asibiti mafi kusa nan take, a faɗa wa ma'aikata abin da ake zargi. Kada a sa shi amai, kada a ba shi abinci ko jiƙo. Likitocin Amurka sun ba da shawarar cewa in yaron ya wuce shekara ɗaya kuma yana iya haɗiya, a riƙa ba shi zuma ƙaramin cokali biyu duk minti 10, har sau shida, a kan hanya. Zumar tana rage ƙunar ne kawai, ba ta fitar da batirin. Jaririn da bai cika shekara ba kuwa ba a ba shi zuma.

Aikin naku ne

A gidaje da yawa, ɗan makaranta ne ke sauya batiri, shi ke kai caji, shi ne kuma ya karanta wannan shafi. To, ga aikin gida na wannan mako. Ku nemi gwangwani mai murfi ku riƙa tara matattun batira a ciki, ku ajiye shi a sama inda ba zafi, ba danshi, hannun yara kuma bai kai ba. Ku liƙe ƙananan da salatif kafin ku jefa su ciki. Tocilar da murfin batirinta ya ɓalle, ku ɗaure shi tam ko ku raba ta da yara. In za a daɗe ba a kunna ta ba, ku cire batirin. A makaranta kuma ku roƙi malamin kimiyya a ajiye irin wannan gwangwani a aji.

Yau da dare, kafin ka buɗe littafi, haska tocilar taka a tsakar gida ka duba ƙasa. Duk batirin da ka tsinta, ka riga ƙaninka ne.