Yadda ake shiga kwamfutar ofis ta Madarunfa daga nesa

A ce wata ƙungiyar manoma a Madarunfa ta ajiye lissafinta a babbar kwamfutar ofis, wato saba, shi kuwa akawunta yana Maraɗi. Ta yaya zai duba fayilolin ba tare da ya hau mota ba?

Matsalar tana wajen adireshin intanet. Galibin masu intanet ta layin waya, irin su Airtel da Zamani, adireshi guda suke rabawa tsakanin mutane da yawa, haka ma Starlink da ya fara aiki a Nijar a 2025. Saboda haka wanda ke waje ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Maganin shi ne a girka wa sabar wata ƙaramar manhaja da za ta riƙa kiran waje da kanta, ta buɗe ɓoyayyar hanya zuwa wata cibiya. Akawun sai ya bi ta wannan hanya ya shigo. Cikin irin waɗannan manhajoji akwai cloudflared ta kamfanin Cloudflare, akwai Tailscale wadda aka gina a kan WireGuard. Girkawar ba ta da wuya: a sauke manhajar, a haɗa ta da asusu ta mabuɗin sirri, a saita ta ta tashi da kanta duk lokacin da kwamfutar ta kunnu.

Wannan mataki na ƙarshe ake yawan mantawa, kuma shi ya fi muhimmanci inda wuta ke ɗaukewa. Mabuɗin kuwa kada a tura shi a zauren WhatsApp, domin duk wanda ya same shi ya shiga ofis ɗinku.