Waƙar buri cikin wasan kwaikwayo: yadda ake koyar da ita

Cikin wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe akwai wata waƙa da ke zuwa tun da farko. Mai wasa ya tsaya gaban jama'a, ya faɗi abin da ransa yake so. Ita ce waƙar buri. In ƴan kallo sun ji ta, sun san inda wasan ya dosa. Sai su gyara zama, su ga ko mutumin zai samu ko ba zai samu ba.

Masu wasa na ƙasar Amurka sun daɗe da sanin amfanin wannan waƙa. A shekarar 1956 an nuna wani wasa a birnin New York mai suna My Fair Lady. Labarin wata matalauciyar yarinya ne, mai tallar furanni a titin London, inda sanyi ke da tsanani. Cikin waƙarta ba ta nemi sarauta ba, ba ta nemi zinariya ba. Ɗaki mai ɗumi take so, da kujerar zama, da ɗan abin zaƙi. Duk wanda ya taɓa kwana cikin ɗari ya gane ta nan take.

A ƙasar Nijar ma wasa da waƙa ba baƙi ba ne. Akwai tashe cikin watan azumi, akwai wasan kara, akwai gaɗar ƴan mata a dandali. Bayan 1974, zamanin Seyni Kunce, an farfaɗo da samariya. A lokacin akan yi bukin samari na ƙasa, jihohi suna gasar wasan kwaikwayo da rawa da waƙa. Ƙungiyar Yazi Dogo ta yi suna da wasanninta na Hausa. Amma yawancin waƙoƙin samariya na aikin gayya ne: dashen itace, haɗin kai, yaƙi da jahilci. Bakin gari duka ne ke magana. Waƙar buri kuwa bakin mutum guda ne. Shi ya sa koyar da ita ya fi wuya.

Tambaya biyu kafin a buɗe kaye

Malami ba ya farawa da alli. Da tambaya yake farawa. Ya dubi kowane ɗalibi ya ce: «Mi kake so ka samu nan da damana biyu?» Amsar farko kusan guda ce kullum: lafiya, arziki, ci gaba. Amsa ce mai kyau, amma ba ta yin waƙa, don kowa ita yake so. Sai malami ya sake tambaya: «Arziki na mi?» Ya yi haƙuri, kada ya amsa wa ɗalibi. A hankali gaskiya za ta fito. Wannan yana son jaki da amalanke, don ya bar ɗaukar kara bisa kai. Waccan tana son keken ɗinki. Wata tana so ta karanta takardar likita da kanta. Wani dattijo yana so ya gane sunan ɗansa in ya fito bisa salula, ba sai ya kira jikansa ba. Burin da ake gani da ido, ko a taɓa da hannu, shi ke kama zuciyar mai saurare.

Tambaya ta biyu ita ce: «Mi ya hana?» Bashi ne? Hatsi ne ya kasa? Ko tsoron dariyar mutane? In babu abin da ya tare hanya, babu wasa.

Nan ne kunya ke shigowa, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Yarinyar da ke so ta ƙare lakwal kafin aure ba ta iya faɗin haka gaban babanta. Saurayin da ya gaji da tafiya bida kowane rani ba ya so a ce shi rago ne. Dabara ita ce a sa burin cikin bakin wani. A ƙirƙiro mutumin wasa, a ba shi wani suna da wani gari. Ɗalibi ya rera da sunan wannan mutum. Uba na iya zama cikin ƴan kallo ya ji maganar, ba wanda ya ci mutuncin wani. Malamin da ya fallasa mai burin gaban jama'a ya ɓata aikin, kuma gobe ba mai sake buɗe baki.

A rera tukuna, sannan a rubuta

Amshi ake fara nema. Ya zama gajere, kalma shida ko bakwai, kuma sunan abin da ake so ya fito ciki. Ɗalibai su yi ta maimaita shi da tafi. In ya ƙi hawa bisa tafi, a rage kalma ko a sake wata. Ƙwarya bisa ruwa ko kalangu sun isa kiɗa.

Akwai dalilin da ya sa baki ke riga hannu. Hausa tana da gaɓa doguwa da gajera, amma rubutun yau da kullum ba ya nuna su. Garin da ake zama ciki da garin da ake tuwo da shi, rubutunsu guda ne. Kunne ne ke raba su. Wanda ya fara da rubutu yakan ƙirga baƙaƙe, ya ga layuka sun yi daidai, amma in an zo rerawa waƙar ta yi ɗingishi.

In amshi ya zauna, a yi ɗango uku. Na farko ya nuna ko wane ne mai waƙar da halin da yake ciki. Na biyu ya faɗi burin. Na uku ya faɗi abin da ya tare hanya. Amsa-amo, wato ƙarshen layuka ya yi kama, ado ne mai daɗi. Amma kada a jawo kalmar da ba ta da ma'ana don shi kaɗai.

Sai yanzu malami ya ɗauki alli. Kowa ya zo allo ya rubuta layi guda. Nan darasin karatu ya samu, don mutum ba ya saurin manta kalmar da ta fito daga cikinsa. Mai son amalanke zai riƙe rubutun amalanke. Nan kuma za a gyara baƙaƙe masu ƙugiya, su ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, waɗanda ke ba sababbin masu karatu wahala.

Abu guda waƙar ba ta yi: ba ta faɗin ƙarshen labari. Wannan aikin wasa ne. Waƙar ta zo da wuri, da zarar jama'a sun san mai ita. Can ƙarshe ana iya maido amshin, a sake kalma ɗaya ko biyu. In keken ɗinki ya samu, a rera da murna. In bai samu ba, a rera a hankali, ba kiɗa. Kafin ranar wasa kowane ɗalibi ya kwafe waƙar duka cikin kayensa, ya sa kwanan wata a ƙasa.