Me Ya Sa Kwamfuta Ke Tuntuɓe da Sunan Rabi'u?

Masu cike wa mutane fom a shagunan kafe na Dutse suna da wata ƙa'ida da ba a rubuce take ba: in sunan mutum Rabi'u ne, ko Asma'u, ko Mu'azu, to a cire ɗan waƙafin nan na sama, wanda malaman Hausa ke kira hamza. Sai a rubuta Rabiu, Asmau, Muazu. In mai sunan ya yi ƙorafi, amsar ɗaya ce: "Baba, haƙuri za ka yi, sistem ne ba ya karɓa." Wani shafin yakan ja jan layi ya ce a gyara sunan. Wani kuwa sai ya karɓa, ya yi ta juyi, can ya watso dogon Turanci mai cewa an sami kuskure a ginin SQL. Na farkon ban haushi ne kawai. Na biyun shi ne abin tsoro, domin shafin da hamza ta kayar, ƙofarsa a buɗe take ga duk ɓarawon da ya san hanya.

Kafin a gane dalili sai an san abin da ke bayan allo. Ɗalibar Jami'ar Tarayya ta Dutse da ke duba sakamakonta, da ma'aikacin sakatariya da ke jiran alat ɗin albashi, da mai POS a kasuwar Shuwarin, duk da abu biyu suke hulɗa. Akwai manhajar da suke gani suna dannawa, akwai kuma rumbun bayanai da ke can a wata kwamfuta, inda aka adana komai. Manhaja ba ta riƙe sakamakon kowa a kanta. Tambayo rumbu take yi.

A cikin rumbun, jadawali-jadawali aka tsara bayanan. Ɗaya na ɗalibai: lambar shiga, suna, ƙaramar hukuma. Wani na darussa. Na uku na maki, wanda babu sunan kowa a cikinsa, sai lambar ɗalibi da lambar darasi da abin da ya ci. Lambar ce ke ɗaure jadawalin da ɗan'uwansa, shi ya sa in yarinya 'yar Kiyawa ta gyara sunanta, wuri ɗaya za a taɓa, gyaran ya bi ta ko'ina. Wani masanin lissafi ɗan Ingila mai aiki da kamfanin IBM a Amurka, Edgar Codd, shi ya fito da wannan tsari a 1970. A 1974 wasu ma'aikatan kamfanin biyu, Donald Chamberlin da Raymond Boyce, suka wallafa harshen da za a riƙa yi wa irin wannan rumbu tambaya da shi, wanda yau ake kira SQL. Ya haura shekara hamsin ke nan, bai kuma nuna alamar ritaya ba. Ko wayar Android da ke aljihunka tana ɗauke da ƙaramin rumbu mai suna SQLite, a cikinsa ma WhatsApp ke jera saƙonninka.

Tambayar kanta ba ta da wuya. In ana neman ɗalibi mai suna Musa, manhaja za ta aika wa rumbu wannan:

SELECT * FROM dalibai WHERE suna = 'Musa'

Wato, ciro mini duk layin da sunan da ke cikinsa Musa ne. A lura da alamomin nan biyu da suka sa Musa a tsakiya. A harshen SQL, ta farko na cewa ga farkon abin da mutum ya rubuta, ta biyu na cewa nan ya ƙare, abin da ya biyo baya umarni ne. To, alamar nan ita ce dai hamzarmu, maɓalli ɗaya ne a kan kibod.

Malalacin mai rubuta manhaja, ko wanda ba a koya masa ba, yakan rubuta rabin jimlar, ya ɗauko duk abin da aka shigar a akwatin suna ya liƙa a tsakiya, ya rufe, ya tura. Da Musa lafiya lau. Da Rabi'u kuwa ga abin da ke isa rumbu:

SELECT * FROM dalibai WHERE suna = 'Rabi'u'

Rumbu zai karanta 'Rabi', ya ɗauka suna ya ƙare. Sai ya tarar da harafin u da wata alama a rataye, ya nemi ma'anarsu a matsayin umarni ya rasa, ya ce an yi kuskure. Rabi'u bai yi laifin komai ba. Amma ba da saninsa ba ya tona asirin shafin: abin da baƙo ya rubuta a akwati yana iya tsallake shinge ya zama umarni.

Mai kutse abin da yake nema ke nan. Maimakon suna sai ya rubuta x' OR '1'='1 a akwatin. Jimlar da ta isa rumbu ta koma: ciro wanda sunansa x, ko kuma duk wanda a wurinsa ɗaya daidai take da ɗaya. Tun da ɗaya ba ta taɓa saɓa wa ɗaya ba, sai rumbu ya juye masa jadawalin gaba ɗaya. In ya ƙware, ta wannan kafa zai shiga ba tare da kalmar sirri ba, ya kwashi lambobin waya da na NIN, wani lokaci har ya mayar da F ta koma A, ko ya share jadawali. Kamar a ba ɗan aike takarda zuwa ga ma'aji, an rubuta "a ba wane buhu ɗaya" an bar gurbin suna, shi kuwa a hanya ya cike sunansa ya ƙara da "da makullin sito". Ma'ajin nan ba ya bambance rubutun maigida da na ɗan aike. Abin da ya gani a takarda shi yake zartarwa.

Wannan ba sabuwar cuta ba ce. Tun a watan Disamba na 1998 aka bayyana ta a fili a mujallar masu kutse ta Phrack. Duk da haka, ta nan aka shiga kamfanin Heartland na Amurka mai sarrafa cinikin katin banki, aka kwashi bayanan kati kusan miliyan 130, abin da ya fito fili a farkon 2009. Jagoran ɓarayin, Albert Gonzalez, ya sami ɗaurin shekara 20 a 2010. A Oktoban 2015 aka yi wa kamfanin sadarwa na TalkTalk a Ingila irin wannan, bayanan mutum kusan 157,000 suka fita, hukuma ta ci kamfanin tarar fam 400,000. Ta wasu tsofaffin shafuka aka shiga, waɗanda kamfanin ya gada lokacin da ya sayi reshen kamfanin Tiscali na Ingila a 2009, aka bar su ba mai leƙawa. A 2023 ma an sake gani a manhajar MOVEit, ta shafi har ma'aikatan BBC da British Airways. In masu kuɗi irin waɗannan sun faɗa, ina ga makarantar kuɗi da ɗan'uwan mai ita ya haɗa mata fotal a hutun ƙarshen zango?

Abin takaicin shi ne maganin ba ya cin ko sisi. Ana aika wa rumbu jimlar da farko, da alamar tambaya a gurbin suna:

SELECT * FROM dalibai WHERE suna = ?

Rumbu ya karanta, ya gama fahimtar umarnin, sannan a miƙa masa sunan daban. Daga nan ko me aka rubuta, suna ne kawai a wurinsa. Rabi'u zai wuce da hamzarsa. Mai kutse kuwa, rumbu zai duba ko akwai ɗalibin da aka raɗa wa x' OR '1'='1 ran suna, ya ce babu. Harshen PHP, wanda da shi da rumbun MySQL ake gina ƙananan fotal da yawa a ƙasar nan, yana da wannan hanya a cikin wani sashensa mai suna PDO tun 2005, an kuma cire tsofaffin umarnin da ba su da ita a 2015. Java da Python duk suna da irinta. Layi biyu ne ko uku.

To me ya hana? A ganina, kwafe. Jigawa ba baƙuwar kwamfuta ba ce: cibiyar Informatics ta Kazaure tana yaye ɗalibai tun farkon shekarun 2000, ga jami'ar tarayya da aka kafa a 2011, ga kwalejin fasaha ta jiha a nan Dutse. Yara masu kai suna nan. Amma ɗalibin da aikin kammala karatu ya matse yakan sauko da tsohon misali daga intanet, ya sauya sunaye, ya gwada da John da Mary, ya ga ya yi aiki. Ran kare aikin, allon ake kallo, da wuya a ce ya buɗe inda yake magana da rumbu. Ya ci, ya fita, wannan aikin kuma shi zai sayar wa kemis ko asibitin kuɗi ko ƙungiyar adashin ma'aikata. Da malamai za su sa sunan Asma'u cikin gwajin kowane aiki, da an rage rabin ɓarnar tun daga aji.

Wasu kuma sun san matsalar, sai suka zaɓi gajeriyar hanya: a hana hamza shiga kwata-kwata. Ban ce duk shafin da ya ƙi ta a buɗe yake ba, wasu manyan tsare-tsare suna da nasu dalilan na daidaita sunaye. Amma a matsayin kariya, wannan rufe taga ne kawai, domin akwai kutsen da ba ya bukatar hamza, musamman a akwatin da ake shigar da lamba. Kuma wa ya biya kuɗin? Mai suna. Takardar firamare ta ce Sa'adu, ta banki ta ce Saadu, wata ta ce Sa adu, ranar tantancewa a ce sunaye ba su dace ba, a tura shi kotu ya yo takardar rantsuwa. 'Yan Ailan masu suna O'Brien da O'Connor sun daɗe suna wannan kuka, ba mu kaɗai ba ne.

Haruffanmu masu lanƙwasa ma suna shan irin tasu wahalar, ko da yake ita ba ta tsaro ba ce. In ba a saita rumbu da hanyar da manhaja ke bi zuwa gare shi a kan tsarin UTF-8 ba, Haɗeja takan fito Ha?eja, Ɗanladi ya koma ?anladi. Saiti ne na minti ɗaya ranar farko, amma in an shekara ana zuba sunaye a gurguje, gyaransa sai an bi layi-layi.

Doka ma ta shigo maganar. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora alhakin tsare bayanai a kan wanda ya tara su, wato mai makaranta ko mai asibiti, ba zai ce ai yaron da ya haɗa manhajar ne ba. A ɗaya gefen, dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba izini. Saboda haka kada wani ya karanta wannan ya tafi gwada x' OR a shafin da ba nasa ba, wai yana taimako. In sunanka na gaskiya ne ya kayar da shafi, ka sanar da masu shi a rubuce, ka tsaya nan.

Wanda kuwa ya biya aka haɗa masa manhaja, yana da cikakken iko ya gwada kayansa kafin ya cika kuɗi, ba sai ya iya SQL ba. Ya zauna da mai aikin ya ce, "Injiniya, shigar mini da Asma'u Ɗanladi daga Haɗeja." A adana, a nemo ta da sunan, a buga takardarta, a ga ko hamza da lanƙwasa sun fito yadda aka shigar. In shafin ya faɗi, magana ta ƙare, a koma aiki. In ya wuce, ba a gama ba tukuna: ya nemi a nuna masa jimlolin da ake aika wa rumbu, ya ga alamar tambaya ko makamanciyarta a gurbin da bayanan mutane ke shiga. Ya tambayi ko asusun da manhajar ke shiga rumbu da shi yana da ikon share jadawali, domin shafin duba sakamako karatu kawai yake bukata. Ya tambayi ko kalmomin sirri a fili aka ajiye su; in injiniya zai iya karanto maka taka, to mai kutse ma zai iya. Sannan ya tambayi inda kwafin ajiya yake, da ranar da aka taɓa gwada dawo da shi aka ga ya dawo.